Baba Mai Hoto da Su Auta

Babanmu mai ɗaukar hoto ne, kuma mutum ne da bai yarda akwai wanda ya iya tsayuwa ko zama ba sai shi ya gyara masa. Duk wanda ya shigo shagonsa, ko da tambayar hanya ta kawo shi, ba zai fita ba sai an ce masa ya ɗaga haɓa ya sauke kafaɗa. A gida ma da haka muka tashi. Kina cikin shan shayi zai tsaya a bakin ƙofa ya karkace kai, ya ce ki matsa hagu kaɗan, haske ya fi kyau a can. Mama takan ce ita dai ba miji ta aura ba, mai gyaran zama ta aura.

A shagon ma suka haɗu. Ta je ɗaukar hoton fasfo don za ta shiga makarantar koyon ɗinki. Da ta koma karɓa ya ce hoton ya ƙone, sai an sake. Aka sake, ta dawo, ya ce ai ta rufe ido. A zuwa na gaba sai ta taho da yayanta, wani ƙato mai aikin walda, nan take hotunan duka suka fito daga aljihun tebur lafiya lau, ba wanda ya ƙone, ba wanda ya rufe ido. Har yau idan aka tayar da zancen Baba yakan ce shi dai ya san aikinsa, hoto ɗaya ba ya isar mutum ya gane matar aure.

Shagon ɗaki biyu ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. A ɗakin gaba akwai labule biyu da ake saukewa a bayan mutum. Ɗaya an zana jirgin sama a kai, ɗayan kuma lambu ne da ƙorama da wani tsuntsu da har yanzu ba a daidaita ba ko agwagwa ce ko tantabara. Akwai kujera mai hannu, da furen roba, da tarho wanda bai taɓa yin ƙara ba, da madubi, da mataji ɗaure da zare don kada ya bi wani gida. A jikin ƙusa kuma akwai wata baƙar kwat ta aro, wadda duk mai neman aikin ofis a unguwarmu ya taɓa sawa. Baba yakan ce kwat ɗin nan ta fi kowa neman aiki a garin, amma har yau ba a ɗauke ta ba. Ɗakin ciki shi ne na wanke hoto a da. Da kwamfuta ta zo sai ya koma wurin ajiyar kwalaye, amma ba mu fasa ce masa ɗakin duhu ba.

Mu biyu Allah ya ba shi, ni da Auta, kuma akwai rata mai yawa a tsakaninmu, don sai da na shiga sakandare aka haife ta. Zan riƙa cewa "ta" a nan farko, don haka muke cewa a lokacin.

Auta ita ce tallar shagon. Gilashin gaba cike yake da hotunanta: ga ta tana rarrafe, ga ta da giɓi tana riƙe da tarho, ga ta cikin riga mai baza kamar lema. Wanda ya san ta kuwa ya san cewa da an gama ɗauka take tuɓe rigar ta yar, ta fita buga ƙwallo da 'ya'yan mai katifa. Gwiwoyinta ba su taɓa rabuwa da ciwo ba. Ba wanda ya damu. Kowa cewa yake ƙuruciya ce, girma zai gyara.

Girman ya zo tana shekara goma sha biyu, sai dai bai gyara komai ba. Jikinta ya fara sauyawa, ita kuma ta fara ɓuya. Ta koma saka tsofaffin rigunan Baba, tana tafe a duƙe kamar mai neman allurar da ta faɗi. Madubin ɗakinmu kullum sai in tarar an rufe shi da tawul. Ta daina ƙwallo, ta daina surutu, abinci sai dai ta jujjuya cokali. Da safe idan an ce ta shirya makaranta sai numfashinta ya sarƙe, gumi ya keto mata, ta riƙe ƙirji tana cewa zuciyarta za ta fito. Daga baya muka ji cewa yaran ajinsu sun sa mata wani suna, suna bin ta da shi har bakin gida.

Baba ya fara da abin da ya iya, wato barkwanci. Ya yi tafiyar mai katifa, ya kwaikwayi muryar Mama idan tana ciniki, ya sa furen roba a kunne ya shigo falo. Ko kallo bai ishe ta ba. Da wasa ya ƙi ci sai ya koma faɗa, abin da bai iya ba, don ko yana tsakiyar faɗan sai ka ji ya ce a miƙe wuya. Ana cikin haka wata ranar Asabar Auta ta ɗauki almakashin da yake yanka hoton fasfo ta datse gashinta kaf, gashin da Mama ta yi shekaru tana shafa wa mai. Mama ta zauna a bakin gado da gashin a cinyarta ta yi kuka kamar an aiko mata da rasuwa. Baba kuwa abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne almakashin ya dakushe.

Ba a jima ba hotunan gilashin gaba suka ɓace. Ya zargi mai gyaran waya, ya zargi iska, sai da ya buɗe aljihun tebur ya same su a jere, ba a yaga ko ɗaya ba, an dai kifa su. Ya gane aikin Auta ne. Shi ma ya fara jin tsoron abin.

Wata rana da azahar ya dawo daga ɗaukar hoton wani taro, ya ga babu kwat a jikin ƙusa, ya kuma ji motsi a ɗakin duhu. Ya leƙa a zatonsa ɓera ne, sai ya tarar da Auta a ƙasa tsakanin kwalaye, sanye da kwat ɗin da ta kai mata har gwiwa, tana jan numfashi da ƙyar. Ta gudo daga makaranta ne. Ya ajiye jakarsa ya zauna a ƙasa kusa da ita, abin da ƙafarsa mai ciwo ba ta yafe masa ba har mako ya zagayo. Ya jira numfashin ya lafa, sannan ya tambaye ta me ke damunta.

Can ta ce, "Baba, duk wanda ya ce mini 'ke', sai in ji kamar wata ake kira a bayana. Ni ba na jin ni mace ce. Ban san yadda zan faɗa ba, amma waccan ta cikin hotunan ba ni ba ce."

Ya ƙara matsowa kusa da ita.

Ta ce, "Wani lokaci sai in ji da ma ba a haife ni ba, kowa ya huta."

Baba ya gaya mini daga baya cewa maganar farko bai gane ta ba ko kaɗan, amma ta biyun ta shige shi kamar ƙusa. Da ya rasa abin yi sai ya miƙa hannu ya gyara mata kwalar kwat ɗin, ya ce ba wanda zai huta, ta cire wannan daga ranta. Sannan ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya riƙo hannunta suka taho gida.

Shi ya yanke shawarar a je asibiti, ɓangaren masu ciwon damuwa. Mama ta ji tsoron bakin mutane, don haka aka shaida wa maƙwabta cewa ƙafar Baba za a duba. Ya kuwa ɗauki abin da gaske, ya yi ta ɗingishi har bakin titi, wani lokacin da dama, wani lokacin da hagu.

Likitar wata mace ce mai sanyin murya da tabarau a goshi. Duk tambayar da ta yi wa Auta, Baba ke amsawa. Tana barci? Tana yi sosai, in ji Baba. Me take ji da safe? Ba komai, ɗan jiri ne. Ya kuma ƙara da cewa da za a juya teburin ya fuskanci taga da ofishin ya fi haske. Likita ta yi masa godiya, ta roƙe shi ya je ya duba mata hasken baranda, ya tabbatar ya duba da kyau. Ya yi kusan sa'a guda yana dubawa.

Da ta kira mu ciki, ni da shi da Mama, ta ce abu biyu ne, kada mu cakuɗa su. Na farko ciwo ne, damuwa mai tsanani da firgici, yana kama yara kamar yadda yake kama manya, kuma ana samun sauƙi da magani da zuwa ana tattaunawa. Na biyun, yadda Auta ke jin kanta, ba abin da ƙwaya za ta cire ba ne, duka da gori kuma ba abin da za su ƙara sai ciwon farko. Ta ce ita ba za ta iya gaya mana inda abin zai tsaya ba, shekarun da sauransu. Abin da take so a yanzu shi ne yaron da ke ci, yana barci, yana kuma yarda da mutanen gidansu. Mama ta lura da kalmar "yaron", ta dubi ƙasa.

A hanyar gida Auta ta gaya mini a kunne cewa ta fi son a ce mata "kai". Ni na gwada, idan muna mu biyu, kuma bakina ya saba da sauri fiye da yadda na zata. Baba ne abin ya gagara. Ya ce ya yi shekara goma sha biyu yana cewa "ke", harshe kuma ba labule ba ne da za a ja igiya ya sauya. Amma ya ga yadda fuskar Auta ke faɗuwa duk lokacin da ya faɗa. Sai ya koma kauce wa maganar gaba ɗaya, yana nuni da hannu kamar ɗan sandan hanya.

Wata safiya muna karyawa, yana son a miƙo masa sukari, gwangwanin kuma yana gaban Auta. Ya buɗe baki ya ce, "Ke…" ya tsaya. Ya ce, "Kai…" ya ga Mama ta ɗago, ya sake tsayawa. Shayinsa na hucewa. Sai ya gyara zama, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya je gaida surukai, ya ce, "Ranku ya daɗe, ko za ku taimaka wa tsoho da sukari?"

Auta ta dube shi, ta yi ƙoƙarin haɗe rai, sai dariya ta ƙwace mata har shayi ya biyo ta hanci. Rabon da mu ji wannan dariyar mun manta. Mama ta tashi ta shiga kicin wai za ta duba wuta, alhali ba abin da ke kan wuta.

Daga ranar "ku" ta zauna a gidanmu. Su Auta sun tashi? Su Auta sun sha magani? A gaya wa su Auta su zo su kwashe takalmansu daga ƙofa. Baƙo idan ya ji sai ya ɗauka wasu manyan mutane muka sauka a ɗakin ciki. Wani mai kawo takardar wuta har cire hula ya yi yana jira su fito, sai ga ɗan mitsitsin mutum da guntun wando yana cin biskit. Mama ba ta bi Baba ba, ta samo tata hanyar: a zo a ci abinci, a tashi a yi wanka, wa ya ce a zauna mini a kan keken ɗinki. Da haka ta yi wata da watanni ba ta ce "ke" ba, ba ta ce "kai" ba, kuma ba umarninta ko ɗaya da ya faɗi ƙasa.

Wadda ba ta ga abin dariya a ciki ba ita ce Gwaggo, yayar Baba, mai shagon tukwane da kwanuka a kasuwa. Ita ta goya Baba yana ƙarami, don haka har gobe kallon ɗan goye take yi masa. Ta zo da riga ruwan hoda mai fure a ƙirji, ta ce shagwaɓa ce kawai da rashin kwaɓa, a ba ta yarinyar mako guda a ga aiki. Ta ce duniya za ta zage mu, ta ce wane irin uba ne zai riƙa "ku" da abin da ya haifa. Baba bai taɓa musu da ita ba, ko a kan gishirin miya ne. Ranar ma sai da ya bari ta gama tsaf, yana wasa da murfin kyamara.

Sannan ya ce, "Yaya, wallahi ban fi ki gane abin nan ba. Ni ma kwana nake ina juya shi. Amma ga abin da idona ya gani: da 'ke' abinci ba ya shiga, da 'ku' ana cinye faranti har a nemi ƙari. Ni kuwa mai ci nake so in gani a gidana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan ma bai ruɓe ba, ciwo yake."

Gwaggo ta naɗe rigarta ta tafi, ta ɗauke ƙafa na wani lokaci. Da ta dawo ba ta sauya komai ba, har yau "ke" take cewa, da ƙarfi kuwa, don kowa ya ji. Sai dai ta daina kawo riguna, ta koma kawo lemo da ayaba, kuma na taɓa jin ta a kasuwa tana wanke wata mata tas don ta tambaya ko gaskiya ne 'yar ƙaninta ta taɓu.

Kada in sa ku ɗauka komai ya tafi sumul. Maganin farko ya riƙa sa su Auta barci har a kan faranti, sai da aka sauya. Akwai makonnin da firgicin ya dawo, aka koma rufe ƙofa da kukan da ba a san dalilinsa ba. A irin waɗannan ranaku Baba yakan jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, yana ba ƙofar labarin mutanen da suka zo hoto: wanda ya ce a cire masa tumbi, da matar da ta kawo hoton mijinta ta ce a ƙara masa gashi. Ba a amsa masa, shi kuma bai fasa ba. Ni kaina akwai ranar da na gaji na ce da su Auta sun mayar da gidan kamar asibiti, na kuma yi kwanaki ina cizon yatsa.

Sai batun makaranta. Su Auta suka ce ba za su ƙara saka siket ba ko za a yanka su. Baba ya sa rigarsa ta zuwa taro ya tafi wurin shugaban makarantar, wanda Baban ne ke ɗaukar masa hoton ɗalibai duk shekara. Ban san duk abin da ya faɗa ba. Na dai san ya shiga da hantsi, ya fara daga tarihin haihuwar Auta, ya bi ta kan likita da abin da ta ce, ya gangaro kan yadda wando ke kare ƙafa daga sauro. Da aka tashi tara shugaban ya ce a sa dogon wandon wasanni, ya kuma yi alkawarin zai ja kunnen yaran da ke tsokana, in dai Baba zai bar shi ya je ya sha ruwa.

Aski ma sai da ya zama labari. Mai askin layinmu ya ce shi ba ya taɓa kan mata, Baba ya ce to an hutar da shi. Ya sayo injin aski ya zaunar da su Auta a tsakar gida, ya ɗaura musu tsohon labule a wuya, yana cewa wanda ya iya daidaita hoto ai kai ba zai gagare shi ba. Ya rage dama, sai hagu ta fi yawa. Ya rage hagu, sai dama ta fi yawa. Kafin a ankara kan ya koma kamar gonar da awaki suka shiga. Mama na kallo daga bakin keken ɗinkinta har ta kasa daurewa. Ta taso ta karɓe injin, ta ce a matsa a ba ta wuri, a sunkuyar da kai. Ita da ta yi kuka a kan gashin nan, ita ta daidaita shi, har da gyaran gefen kunne. Tun daga lokacin ita ce mai askin gidan, kuma ba a jima ba muka ga wanduna biyu masu manyan aljihu a kan gadon su Auta, ba wanda ya ce ga wanda ya ɗinka.

Yanzu su Auta suna shekara goma sha biyar, sun kusa kamo Baba a tsawo. An rage magani, ana zuwa makaranta, an koma ƙwallo, an kuma ƙware a musu. Bayan an tashi daga makaranta su ke zama a kan kwamfutar shago, don idon Baba ya fara rauni ko da yake bai yarda ba. Idan na tambaye su yadda suke ji game da kansu, wani lokaci su ce suna nan a kan bakansu, wani lokaci su ce in ƙyale su suna tunani. Mun koyi ƙyalewa. Baba har yau cewa yake bai gane ba, kuma ya daina jin kunyar faɗin haka.

Asibiti kuwa ya zama wurin hirarsa. Ya san masu shara, ya san mai ba da kati, ya san wanda ya warke da wanda ya dawo. A zuwanmu na baya-bayan nan wani mutum ya shigo da ɗansa matashi, ya ja hula har gira, ya zauna can ƙarshen benci yana kallon bango don kada wani ya gane shi. Baba ya yi ta satar kallonsa, can ya ja jiki ya matsa kusa, ya yi masa sallama, ya tambaye shi ko zuwan farko ne. Mutumin ya ce shi ai rakiya kawai ya yi, ciwon ciki ne ke damun yaron. Baba ya gyaɗa kai ya ce haka ne, ciwon ciki na yawo a gari. Sannan ya shiga ba shi shawara: idan an shiga kada ya amsa tambayar da ba shi aka yi wa ba, kada ya yi gaggawa, kuma ya tanadi labarai masu yawa don zai buƙace su. Har aka kira su Auta aka gama da su yana nan yana bayani, mutumin ya ture hula baya yana saurare. Sai da su Auta suka kamo hannun rigarsa suka ce Mama na jira da abinci, sannan ya miƙe, yana waiwaye yana gaya wa mutumin ranar da za mu dawo.